Suruki a Taburin Wasan Labari

Ku da kuke zaune nan kowa da waya a hannu, na ji abin da kuke faɗi, kada ku ɗauka kunnena ya mutu. Wai aikin Baba Illa mene ne a ciki? A buɗe waya, a danna, lamba ta fito, a karanto abin da littafi ya ce, shi ke nan an yi wasa. To, madalla. Ku matso, wani ya zuba mani shayin nan kafin ya huce, in gaya maku yadda na shigo sana'ar nan. Wanda ya ga da sauƙi bayan na gama, gobe ya zo ya hau kujerata mu sha kallo.

Tunda na ga baƙin fuska a cikinku, bari in fara daga tushe. Wasan labari muke ce masa a nan Dakoro. Mutane su kewaye tabur, kowa ya ɗauki mutum guda na cikin labari ya zama shi: wannan madugu, wancan maharbi, wancan mai magani. Ni kuwa mai jan wasa, ni ne duk sauran duniya. Ni ne hanya, ni ne zafin rana, ni ne ɓarawon da ya laɓe bayan tudu. In faɗi abin da ke gabansu, kowa ya faɗi abin da zai yi. Idan abin mai wuya ne, kamar tsallake rami ko shawo kan mai gari ya ba su masauki, sai a jefa ɗan lido, lamba ta raba gardama. Ba wanda ke cin wani. Abin da mutum yake biya, na zama ne da shayi.

Sharjin waya nake yi kusa da tasha lokacin da abin ya same ni. Wani malamin lissafi da aka turo kwaleji daga Yamai, Mushe Sani (Mushe muke ce wa malamin boko a nan), ya kawo wayarsa sharji, ya manta da wani ƙaton littafi na fotokofi a kan taburina. Ni kuma Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. Na buɗe, sai ga hoton ƙadangare mai fuka-fuki, girmansa ya kai babbar mota, ga lambobi jere-jere a ƙarƙashinsa. Faransancina na wanda ya bar lakwal, wato makarantar boko, da wuri ne, amma na gane ana maganar yawan ƙarfinsa da saurin gudunsa. Da ya dawo na ce, “Mushe, don Allah, wannan littafin tsibbu ne?” Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce in zo fadarsu ranar Lahadi, inda suke zaman shayi, in gani da idona.

Na je, kuma ban sake fashin Lahadi ba. Amma kada ku zaci ya miƙa mani littafin ne ya ce bisimilla. Ina! Bayansa ya zaunar da ni, damina ta zo ta wuce ina nan zaune. Idan na leƙa takarda sai ya ture kaina ya ce, “Illa, littafi ba ya gudu. Kalli fuskoki.” Sai ya tambaye ni bayan an tashi: wa ya fara hamma? Wa ya buɗe baki zai yi magana aka rufe shi da surutu? Wa ya ji haushin lambar da ta fito masa amma ya haɗiye? Wallahi da farko na ɗauka wulaƙanci ne. Daga baya na gane rabin aikin ke nan, kuma babu shi a shafi ko ɗaya.

Ranar da ya fara sakar mani wasa, na karanto labarin yadda Turawa suka rubuta shi. Matafiya sun sha dusar ƙanƙara, sun shiga wani masauki, mai masauki ya kawo masu naman alade da giya. Lawali ɗan kabu-kabu, wanda har yau kuna ganinsa a bakin tasha, ya ajiye kofin shayi ya ce, “A'uzubillahi! Ni mutumina ba zai kwana gidan nan ba.” Sauran suka bi shi. Labarin kuma duk a cikin masaukin yake, tunda suka fice sai wasa ya mutu a bakin ƙofa. Mushe Sani ya dube ni ya yi murmushi.

Daga nan na koyi abin da nake ce wa sauya riga. Doka ta zauna yadda take, amma tufafinta su zama namu. Masauki ya zama rumfar mai shayi, dusar ƙanƙara ta zama guguwar yashi, jirgin ruwa ya zama ayarin raƙuma. Aiki ne mai daɗi, amma yana cin kai. Na taɓa kwana biyu ina tunanin me zan yi da wata doka da ta ce mutum zai iya ɓuya a bayan bishiya, alhali labarina yana can arewa da Tagriss inda za ka hango mutum tun yana ɗigo. Ashe dokar ba ta bishiya ba ce, ta abin da ke tare ido ce. Sai na ba su garken shanu su ɓuya a ciki.

Da aka ɗauke Mushe Sani zuwa wani gari, ya bar mani littafin, amma ya tafi da 'yan lidonsa. Ba irin na lidon yara ba ne masu fuska shida. Akwai guda mai fuska ashirin, shi ne uban tafiya. Na je wurin wani maƙeri Buzu a kasuwa, na zana masa a ƙasa, ya sassaƙa mani shi da ƙwallon goriba, ya ƙona lambobin da ƙarfe mai zafi. Kai, ya yi kyau! Sai dai wani gefe ya fi wani nauyi, ko ta yaya ka jefa shi yana son kwanciya wuri guda. Mutanena suka gane kafin ni, kowa ya zama jarumi, ba wanda ke faɗuwa. Ana cikin haka gara ta shiga akwatina ta cinye babin jinya gaba ɗaya, ta bar mani babin faɗa. Muka yi watanni ana sarar juna ba mai magani.

Wani direba mai zuwa Maradi ne ya sa aka zuba mani littafin cikin waya, tare da aplikasiyo ɗin nan da kuke taƙama da shi. Ban raina shi ba, kada ku ce na raina. Dokar da da sai na lashi yatsa na yi ta juya shafi, yanzu in rubuta kalma guda ta fito. Yana riƙe mani takardar kowane ɗan wasa, ƙarfinsa da kayansa da raunin da ya ji makon jiya. Yana jefa ɗan lido ba son kai, yana kuma jera sunaye ya nuna wa zai fara, wa zai bi. Amma shi ma da halinsa. Batiri ya taɓa mutuwa kibiya tana sama, sai da muka jira pano, farantin sola, ya sha rana kafin mu san ko ta sami ɓarawon. Wata rana kuma rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi ƙarfi, abin ya sabunta kansa ba da izinina ba, dokar harbi ta canja, Lawali ya rantse ni na rage wa maharbinsa ƙarfi don na tsane shi.

Tun daga rigimar nan na kafa ƙa'ida: waya tana kwance tsakiyar tabur, fuskarta sama, wanda lokacinsa ya zo shi zai danna da yatsansa. Mutanenmu sun yarda da ɗan lidon da suke gani yana birgima. Na cikin gilashi kuwa, kullum akwai mai tambaya wa ke ciki yana zaɓar lamba.

Masu zuwa wurina iri-iri ne, kuma kowa da abin da ya kawo shi. 'Yan kabu-kabu faɗa suke so, in ka bar su za su sari mai gari tun bai gama sallama ba. Habibu tela ciniki yake so, zai ɓata rabin zama yana taya takobin da babu shi a duniya. Manoman Ajekoriya da zarar ruwan fari ya sauka sun ɓace, sai bayan girbi su dawo su tambayi ina aka kwana. Agali kuwa, makiyayi daga wajen Azagor, ranar kasuwa kaɗai yake zuwa. Mutuminsa na cikin labari ba ya barin bakin rijiya sai ya shayar da dabbobin baƙo, ko da maƙiya na bin su a baya. Na duba littafi daga farko har ƙarshe ban ga ladan da aka tanada wa irin wannan ba, sai na ƙirƙiro masa.

To, sai ga mummunar shekara. Damina ta yi gardama, gero bai cika ba, hankalin kowa a tashe. Wani saurayi ya saci awakin ubansa ya sayar, ya je bayan tasha 'yan karta suka cinye shi tas. Da aka matsa masa ina ya kai kuɗin, sai ya ce rumfar Illa. Yaron nan sau ɗaya ya taɓa zama wurina, bai ma gama shayinsa ba. Amma mutane sun sha wucewa suna ganin ana jefa ɗan lido ana ihu, me kuke so su ce? Magana ta zaga gari: Illa ya buɗe gidan caca, har ya sa ta cikin waya don kada a kama shi. Iyaye suka hana 'ya'yansu. Mutanen da muke gaisawa kullum suka koma ɗaga mani hannu daga nesa. Bencina ya koma wurin barcin awaki.

Filin da rumfar nan take a kai na Alhaji Mamman ne, babban mai cinikin dabbobi, Allah ya ƙara masa lafiya. Ya aika aka kira ni. Bai ce in zauna ba. Ya ce, “An kawo mani maganarka har masallaci. Jibi bayan la'asar ina zuwa. In na ga caca, ka kwashe itacenka da bencinka kafin magariba, kuma da bakina zan faɗa wa gari.” Na ce to. Na fito ina tunanin inda zan dosa, don in Alhaji ya ce caca ce, babu mai ba ni ko inuwar bango a Dakoro.

Ranar ta dace da kasuwa. Mutum uku suka rage mani: Lawali, da Agali, da Habibu tela. Ga inda gizo yake saƙa, Habibu 'yar Alhaji yake aure. Kun san yadda abin yake. Ba ya haɗa tabarma da shi, ba ya haɗa ido, in ya hango shi a hanya sai ya cire takalmi ya durƙusa ko ya canja lungu. Mun shirya zai zo da wuri ya taya ni shara ya tafi. Sai Alhaji ya riga lokacinsa, ya yi sallama Habibu na riƙe da tsintsiya. Bawan Allah ya nemi hanyar bayan zana, Alhaji ya dube ni, ba shi ba, ya ce, “Ce masa ya zauna. Yadda kuke yi kullum nake son gani.”

Na jawo masa kujera gefe don ya yi kallo. Ya ture ta da sanda. “Ni ko rago ban saye sai na taɓa bayansa. Ba ni nawa mutumin.”

Labarin da muke ciki na ayari ne da ya taso daga arewa, kuma kowa na da mutuminsa tuntuni. Habibu ne madugu. Mutum ɗaya ya rage a cikin waya ba mai shi, wani Tanko mai jan raƙumi, sabon shiga, mafi ƙanƙanta a ayarin. Na faɗa masa ina sunkuyar da kai. Ya ce, “Ni ne ƙaramin? To. Wa ke ba ni umurni?” Lawali ya kama tari.

Na fara. Ruwa ya ƙare a salka, raƙuma sun fara durƙushewa, ga tsohuwar rijiya an samu, amma guga ya tsinke ya faɗa ciki. Dole wani ya sauka ya ɗauko. Na danna, waya ta jera sunaye: Habibu a sama, Alhaji a can ƙasa. Wato suruki ne zai fara magana, kuma shi zai zaɓi mai shiga rijiya. Takardu kuma a buɗe suke kowa na gani, Tanko ya fi kowa rashin nauyi. Habibu ya kafa ido a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Muka jira. Ko tari bai yi ba.

Yanzu ku masu cewa waya ke aiki, ku gaya mani me za ta yi a nan? Wanda ya rubuta littafin bai san suruki ba. Aplikasiyo ɗin yana bari a ja suna da yatsa a kai shi sama, kuma yatsana har ya tashi. Sai na ga idon Alhaji a kansa, irin kallon da yake yi wa dillali idan ya sa hannu cikin riga. In na taɓa jerin nan, na nuna masa ana juya abin yadda aka ga dama. In na bari, wasa ya mutu a gabansa, ya tashi bai ga komai ba sai ɗan lido. Na mayar da hannuna baya na zauna a kansa.

Sai na tuna yadda Alhaji da kansa ya yi da ya shigo, ya yi wa Habibu magana ta bakina. Na gyara murya na ce, “Madugun ayarin nan babban mutum ne, ba ya magana da 'yan ayari baki da baki. Agali, kai ne bakinsa.” Habibu ya ɗago kamar wanda aka cire wa ƙaya. Ya matsa ya raɗa wa Agali magana mai tsawo. Agali ya gyara rawani ya ce, “Madugu ya ce, in Baba ya ga dama, in ba takura, in kuma jikin Baba...”

Alhaji ya katse shi. “Wanga madugu ne ko maroƙi? Raƙuma na mutuwa! In shiga ko kada in shiga?”

Aka sake raɗa. Agali ya ce, “Ya ce ka shiga.”

Daga nan dattijon nan ya manta abin da ya kawo shi. Ya jawo kujera ya fara yi mani tambayoyi. Bakin rijiyar da itace aka ɗaure ko da dutse? Akwai iska a ƙasa, ko a fara zura fitila a gani? Igiyar ta kaba ce ko ta fata? Na yi ta amsawa, ina jin daɗi har cikin raina, don irin ɗan wasan da mai jan wasa ke roƙon Allah ya ba shi ke nan. Sai ya ce, “In igiya ta tsinke fa?” Na duba zurfin da na riga na faɗa, na duba dokar faɗuwa, na ce, “Mutuwa ce, Alhaji.” Ya ce, “To, a ɗaura mani.”

Na tura masa waya. Ya sa babban yatsa ya danna kamar mai dangwala a takardar meri, ofishin magajin gari. Ɗan lido ya juya a gilashi, ya tsaya. Ɗaya. A cikin ashirin babu abin da ya fi ta muni. Doka ta ba da dama guda, mai riƙe da igiya ya gwada cafkewa, kuma madugu ne ke riƙe. Habibu ya miƙo hannu, ya danna. Uku.

Lawali ya taka mani ƙafa a ƙarƙashin tabur har sai da na ji zafi. Na san abin da yake nufi. Littafin kansa ya ce mai jan wasa na iya sassautawa, ya sa wani reshe ya tare mutum, ko ya ce ruwan ƙasa na da zurfi. Amma na riga na faɗa da bakina cewa mutuwa ce, kuma kowa ya ji. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye maku ba. Na dubi rumfata, na dubi benci, na ce, “Igiya ta zame daga hannun madugu. Kun ji ƙara daga ƙasa. Kun kira Tanko, kun sake kira. Ba amsa.”

Butar shayi na ta tafasa a gefe, ba wanda ya kula ta.

Alhaji ya ce, “Na mutu ke nan?”

“Tanko ya mutu, Alhaji.”

“A filina?”

“A filinka.”

Ya sa hannu a aljihu, ya bar shi a can, yana kallona. “Mi zan biya in dawo?”

Na ce, “Babu. Ko ka ba ni garke, Tanko ya tafi. Sai dai wani zaman ka ɗauki wani mutum, ka fara daga ƙasa.”

Ya fitar da hannun ba komai a ciki. Ya dubi wayar, sannan ya dogara sanda ya miƙe, muka miƙe tare da shi. Ya ce, “Na san 'yan caca tun ban yi gemu ba. Baƙo ba ya faɗuwa ranar farko a wurinsu. Sai sun bar shi ya ci, ya ji daɗi, ya koma gida ya kwanto akuya. Kai ko kunyar furfurata ba ka ji ba, ka kashe ni a zaman farko.” Ya zura takalmi. “Rumfa ta zauna. Gobe bayan azahar zan faɗa a masallaci, wanda ke da magana ya same ni.”

Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga mani hannu. Ya kai bakin zana, ya tsaya, ya juyo wajen Agali. Habibu na durƙushe a gefe, kansa a ƙasa.

“Kai, bakin madugu. Ce masa raƙuman nan har yanzu ba su sha ruwa ba, kada ya tashi daga nan sai ya san yadda ya yi da su. Kuma in ya sake zura ɗan mutane a rijiya bai ɗaura igiyar a jikin raƙumi ba, ni da shi ne.”